Raya Kangayen Masana'antu a Birane: Misalin Masaƙun Kakuri ta Kaduna

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya ratsa ta Kakuri, zai ga dogayen katangu da manyan ƙofofin ƙarfe a garƙame, da bututan hayaƙi waɗanda suka daɗe rabonsu da hayaƙi. Waɗannan su ne masaƙun da a da suka sa ake kwatanta Kaduna da birnin Manchester na Ingila. Irin wannan gani bai tsaya a Kaduna kaɗai ba. Akwai shi a Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, akwai shi a Ikeja ta Legas, da Aba, da Asaba. Filaye ne manya a tsakiyar birane, da hanyoyin kwalta da layin lantarki da magudanan ruwa, amma an bar su ga ciyawa da macizai, alhali kuwa jama'a suna ta neman wurin zama da wurin sana'a a bayan gari.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da ake nufi da raya kangon masana'anta, da dalilan da suke sa aikin ya yi wuya, da matakan da akan bi idan za a yi shi. An ɗauki masaƙun Kakuri a matsayin misali, sannan an waiwayi wasu ƙasashe uku da suka riga mu shiga wannan hali. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, kangon masana'anta fili ne mai bashi a kansa: akwai bashin masu kuɗi, da bashin ƙasar da aka gurɓata, da bashin mutanen da suka yi aiki a wurin. Duk shirin raya wurin da bai fara da warware waɗannan basussuka ba, ko dai ya tsaya a takarda, ko kuma ya haifar da ɓarnar da ta fi ta farko.

2.0 Ma'anar Kangon Masana'anta

Hausa tana da kalmomi uku da suke nuni ga wurin da mutane suka bari. Kango shi ne gini ko gidan da aka ƙaurace wa, wanda bangayensa suke tsaye. Kufai shi ne wurin da gari ko ƙauye ya taɓa zama ya tashi. Saura kuwa gona ce da manomi ya bari da gangan domin ta huta, da niyyar komawa gare ta. Masu tsara birane a Ingila da Amurka suna kiran tsohon filin masana'anta da sunan brownfield, wato filin da aka taɓa gini a kansa, wanda kuma ake zaton gurɓatar ƙasarsa za ta kawo cikas wajen sake amfani da shi. A wannan maƙala an zaɓi a kira shi kangon masana'anta, domin galibi gine-ginen suna nan, aikin ne ya mutu.

Akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin kufan gari da kangon masana'anta. Manomi ya san cewa kufai ƙasa ce mai albarka, saboda toka da juji da takin dabbobi da suka taru shekara da shekaru. Saura ma idan ta huta ƙarfinta kan dawo. Kangon masana'anta ya saɓa wa wannan al'ada. Abin da injuna suka bari a ƙasa ba taki ba ne, kuma yawancinsa hutu ba ya kawar da shi. Haka nan ginin, kowace damina ta wuce sai ta rage masa daraja. Wanda ya ɗauki masaƙar da ta rufe tamkar saura, yana jiran ranar da za a koma a tarar da ita yadda aka bar ta, ya yi kuskuren lissafi tun daga tushe.

3.0 Cikar Kakuri da Watsewarta

An kafa masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka fi sani da KTL, a 1957, zamanin da Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello yake Firimiyan Jihar Arewa. An yi ta ne da haɗin gwiwar hukumomin gwamnatin Arewa da kamfanin David Whitehead and Sons na Lancashire a Ingila. Hikimar kafa ta a sarari take. Ana noman auduga a ƙasashen Katsina da Zazzau da Zamfara, ana gurje ta a Funtuwa da Gusau da Malumfashi da Zariya, a tura ta Turai a saƙo ta a dawo mana da ita. Kaduna kuwa tana da kogi, tana da mahaɗar jirgin ƙasa daura da Kakuri. Bayan KTL sai Nortex ta biyo a 1962, sannan a tsakiyar shekarun 1960 aka sami Arewa Textiles da jarin kamfanonin Japan, da United Nigerian Textiles, wato UNTL, da jarin 'yan kasuwar Hongkong.

Dubban mutane daga kowane lungu na ƙasar nan suka yi ƙaura zuwa Kakuri da Makera da Nasarawa da Kurmin Gwari. A nan Kaduna aka kafa hedkwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa, wadda aka samar a 1978. Adams Oshiomhole, wanda ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya daga 1999 zuwa 2007, daga masaƙar Arewa ya fara. Mai wannan rubutu ya yi ƙuruciyarsa a gidan haya a Makera, mahaifinsa yana aiki a sashen kaɗi na ɗaya daga cikin masaƙun. Da jiniyar canjin aiki mata suke sanin lokacin ɗora tukunya, da ita yara suke sanin sun makara. A bakin ƙofar masaƙa, Bajju da Tibi da Idoma da Ibo da Bayarabe da Bahaushe da Hausa suke ciniki da masu abinci.

Rushewar ba ta zo a rana ɗaya ba. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta ƙi tsayawa, baƙin man da ake hura tukwanen tururi da shi ya yi wuyar samu. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, atamfar Sin mai araha ta cika kasuwanni, wata ta halal wata ta fasa-ƙwauri. KTL ta rufe a 2002, wasu suka bi bayanta a 'yan shekarun da suka biyo, UNTL ta tsayar da aiki a 2007. An ware rancen naira biliyan 100 domin farfaɗo da auduga da saƙa da ɗinki, har UNTL ta sake buɗewa a 2010, amma Kakuri ba ta koma yadda take ba.

Tun daga wancan lokaci maganar da ake ta nanatawa ita ce ta farfaɗo da masaƙu. Buri ne mai kyau, sai dai ya hana a yi wata tambaya: idan har ba su farfaɗo ba, ko kuma suka farfaɗo a ɗan ƙaramin sashe, me za a yi da sauran filin? Injunan saƙa na zamani ba sa bukatar wuri da hannaye kamar na 1960. Ko da an sami mai zuba jari gobe, ba zai cika waɗannan rumfuna ba. Yau da aiki ya kai mai wannan rubutu Kudu, duk hutun da ya koma gida sai ya tarar masaƙar da mahaifinsa ya yi aiki ta yi hasarar wani abu: bana kwanon rufi, baɗi wayoyin tagulla, har aka kai ga ƙarafan tagogi. Jiran gawon shanu ke nan, kuma an shafe fiye da shekara ashirin ana yinsa.

4.0 Basussukan da ke kan Kango

4.1 Bashin Masu Kuɗi da Rikicin Mallaka

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kamfani yake riƙe da shi takardar izinin zama ce, yawanci ta shekara 99, kuma ba ya iya sayarwa ko jinginarwa sai da yardar gwamna. Masana'antu da yawa sun jinginar da wannan takarda ga bankuna domin karɓar rance. Idan kamfani ya durƙushe, sai a tarar fili ɗaya yana da masu da'awa huɗu ko biyar: masu hannun jari, da banki, da hukumar haraji, da 'yan kwangila, da ma'aikata. Tun daga 2010 akwai kuma hukumar AMCON, wadda ta sayi munanan basussukan bankuna tare da kadarorin da aka jingina. Muddin shari'a tana gaban kotu, babu mai hankalin da zai zuba kuɗinsa a filin.

Masaƙar KTL tana da nata sarƙaƙiyar ta daban, domin gado ce ta tsohuwar Jihar Arewa, wadda jihohi 19 suka gada ta hannun kamfaninsu na NNDC. Ke nan duk wani babban mataki yana bukatar amincewar masu mulki da yawa, waɗanda suke sauyawa bayan kowane zaɓe. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke izinin zama saboda maslahar jama'a, tare da biyan diyyar gine-gine. Iko ne mai amfani, amma yana da haɗari. Idan aka yi amfani da shi ba tare da tsari bayyananne ba, sai filin masana'anta ya koma fuloti-fuloti a hannun 'yan tsiraru.

4.2 Bashin Ƙasa

Masaƙa tana da sassa daban-daban, kuma ba duka suke gurɓata ƙasa daidai ba. Sashen kaɗi da na saƙa ƙurar auduga da man injin suka fi bari. Sashen wanki da rini da buga zane shi ne mai nauyi, domin a nan ake amfani da soda mai ƙuna da sinadaran cire launi da nau'o'in rini waɗanda wasunsu suke ɗauke da ƙarafa masu guba irin su kuromiyam da tagulla da tutiya. Sai wurin tankunan baƙin mai, inda yoyo kan nutse cikin ƙasa, da wurin tsofaffin taransifoma, waɗanda man wasunsu yake ɗauke da sinadarin PCB mai daɗewa bai ruɓe ba. Akwai kuma asbestos da akan yi rufi da shi ko a naɗe bututan tururi, wanda ƙurarsa take haddasa ciwon huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. Shekara da shekaru ruwan rinin Kakuri yana bin magudanar Makera zuwa Kogin Kaduna, kamar yadda na Bompai yake bin rafin Getsi zuwa Jakara a Kano.

Abin da ke sa wannan bashi ya zama mai haɗari shi ne ido ba ya ganinsa. Misalin da ya farkar da duniya ya faru ne a unguwar Love Canal ta birnin Niagara Falls a Amurka. Wani kamfanin sinadarai ya binne shara mai guba wajen tan 21,000 a wani tsohon rami, sannan a 1953 ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala ɗaya. Aka gina makaranta, aka gina gidaje kewaye da ita. Bayan wasu shekaru guba ta fara ɓullowa a gidajen mutane, a 1978 aka ayyana dokar ta-ɓaci aka kwashe iyalai. Wannan ne ya sa Amurka ta yi dokar 1980 wadda ta ɗora nauyin tsabtace irin waɗannan wurare a kan waɗanda suka gurɓata su. Ingila ma tana da irin wannan ƙa'ida, wadda ta fara aiki a 2000: a fara neman wanda ya yi ɓarnar, idan ba a same shi ba sai nauyin ya faɗa kan mai filin. Da ma Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

A Nijeriya dokokin muhalli sun samo asali ne daga sharar gubar da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988. A shekarar aka yi dokar hana zubar da shara mai guba, aka kafa hukumar FEPA. A 1992 aka yi dokar auna tasirin manyan ayyuka a kan muhalli, a 2007 aka kafa hukumar NESREA. Waɗannan dokoki sun fi mayar da hankali ga sababbin ayyuka da masana'antun da ke aiki. Matsalar kango kuwa ita ce mai ɓarnar ya riga ya mutu, ba shi da ko kwabo. Game da tsawon lokacin da irin wannan gyara yake ci, ya isa a tuna cewa rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ƙiyasta shekara 25 zuwa 30 kafin a tsabtace ɓarnar mai a can. Gurɓatar masaƙa ba ta kai wannan ba, amma darasin ɗaya ne: zubawa tana da sauƙi, kwashewa ce mai tsada.

4.3 Bashin Ma'aikata da Maƙwabta

Sananne ne cewa tsofaffin ma'aikatan wasu masaƙun Kaduna sun shafe shekaru suna neman kuɗin sallamarsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba, matansu da 'ya'yansu suka ci gaba da bin sawu. Dokar kamfanoni ta sanya haƙƙin ma'aikata cikin basussukan da ake fara biya idan an rushe kamfani a hukumance. Amma kamfanin da aka rufe ƙofarsa kawai, ba a rushe shi ba, ba a sayar da kadararsa ba, babu inda kuɗin biyan zai fito. Ke nan barin kango a yashe zalunci ne ga waɗannan mutane, domin kadarar da za a biya su da ita ce take lalacewa a gaban idonsu.

Maƙwabta ma suna da nasu haƙƙin. Masu gidajen haya da masu sayar da abinci da teloli da direbobi duk a kan albashin masaƙa suka rayu. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 Kaduna ta rabu, mutane da yawa suka yi ƙaura bisa addini, kogi ya zama kamar iyaka. Masaƙun suna cikin wurare ƙalilan da suke haɗa Musulmi da Kirista a rumfa ɗaya, ƙarƙashin ƙungiya ɗaya, kuma sun mutu ne daidai lokacin da aka fi bukatar irin wannan mahaɗa.

5.0 Matakan Tsabtace Kango

Masana aikin sukan bi matakai uku. Na farko shi ne binciken tarihin wurin: a duba tsofaffin taswirori da takardun kamfani, a tambayi tsofaffin ma'aikata ina aka yi rini, ina aka binne tanki, ina ake zubar da dagwalo. Wannan mataki ba shi da tsada, kuma shi ke nuna inda za a haƙa. Na biyu shi ne ɗibar samfurin ƙasa da na ruwan ƙarƙashin ƙasa a kai ɗakin gwaji, domin a san irin gubar da yawanta da inda ta nufa. Na uku shi ne gyaran kansa.

Hanyoyin gyara sun danganta ga irin gubar. Ana iya kwashe gurɓatacciyar ƙasa a kai ta wurin da aka tanada, a cike gurbin da mai kyau. Ana iya rufe ta da yumɓu ko kankare domin kada ruwan sama ya ratsa, kada kuma mutum ya taɓa ta. Ana iya cuɗa ta da siminti domin ƙarafa masu guba su daskare a ciki. Ƙasar da mai ya jiƙa kuwa akan baje ta, a zuba mata taki, a riƙa juya ta, ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa su cinye man a hankali, kuma zafin ƙasarmu yana taimaka wa wannan hanya. Idan guba ta kai ga ruwan ƙasa, sai a zuƙo shi a tace, wanda shi ne mafi tsada da ɗaukar lokaci.

Ƙa'idar da ke rage tsadar aikin ita ce a tsabtace wuri gwargwadon abin da za a yi da shi. Filin da za a shafe da kankare a yi sito ko tashar manyan motoci ba ya bukatar tsabta irin ta filin da za a gina makarantar yara ko gidajen da za a haƙa rijiya a yi lambu. Saboda haka gwaji yake zuwa kafin zane. Wanda ya yanka fuloti kafin ya gwada ƙasa ya bi sawun mutanen Love Canal.

6.0 Darussa daga Wasu Ƙasashe

Tun da daga Ingila aka kawo mana masaƙar zamani, ya dace a fara duba yadda suka yi da nasu kangayen. A ƙauyen Saltaire kusa da Bradford akwai wata babbar masaƙa da Titus Salt ya buɗe a 1853, ta rufe a 1986. A 1987 wani ɗan kasuwa mai suna Jonathan Silver ya saye ta. Bai rushe ta ba, bai kuma jira ya sami kuɗin gyara ta gaba ɗaya ba. Ya buɗe wani sashe ya baje zane-zanen David Hockney, ɗan asalin Bradford, sannan ya riƙa ba da hayar sauran sassa ga shaguna da gidajen abinci da ofisoshi da kamfanin kayan lantarki. A 2001 hukumar UNESCO ta sanya ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya. Darasi biyu ne a nan: an kama ginin cikin shekara ɗaya da rufewarsa, kafin ruwa ya shige shi, kuma an raya shi kashi-kashi, hayar wannan tana gyara wancan.

Misali na biyu ya shafi yankin da masana'antu da yawa suka mutu a lokaci guda, kamar yadda ya faru a Kakuri. Yankin Ruhr na Jamus ya rayu ne a kan kwal da ƙarfe. Da suka durƙushe, gwamnatin jihar ta kafa asusu a 1980 domin sayen yasassun filaye, ta tsabtace su, ta sake sayarwa ko ta miƙa wa garuruwa. Daga 1989 zuwa 1999 garuruwa 17 suka haɗu a shiri ɗaya na raya kwarin Kogin Emscher. Masana'antar narka ƙarfe ta Duisburg da ta rufe a 1985 ta zama wurin shaƙatawa na jama'a a 1994, an bar tanderunta a tsaye. Mahaƙar kwal ta Zollverein a Essen da ta rufe a 1986 ta zama gidan tarihi da makaranta da wurin taro. Abin lura shi ne 'yan kasuwa ba su shigo ba sai da hukuma ta ɗauki nauyin da babu ɗan kasuwar da zai ɗauka, wato warware mallaka da kwashe guba.

Misali na uku gargaɗi ne, kuma ya fi kusa da halinmu. A da, a tsakiyar birnin Mumbai na Indiya akwai masaƙu fiye da 50 a kan fili wajen eka 600. Bayan dogon yajin aikin da aka fara a 1982, suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. A 1991 gwamnati ta yi ƙa'idar raba filin kowace masaƙa gida uku: kashi ɗaya ga hukumar birni domin filayen shan iska, kashi ɗaya domin gidajen masu ƙaramin ƙarfi, kashi ɗaya ga mai masaƙa. A 2001 aka sauya ƙa'idar, aka ce rabon ya shafi filin da babu gini a kansa kawai. Da yake rumfuna sun mamaye yawancin filayen, sai kason jama'a ya ragu ƙwarai. Kotun Ƙoli ta tabbatar da sauyin a 2006. Manyan kantuna da dogayen benaye suka maye gurbin masaƙun, dubban tsofaffin ma'aikata kuwa suka ci gaba da jiran gidaje. An raya filin, amma ba a raya mutanen ba.

A gida Nijeriya ma akwai wani nau'in raya kango da yake faruwa ba tare da shiri ba. A Ikeja da Oregun na Legas an mayar da tsofaffin sito-sito da rumfunan masana'antu wuraren ibada da zaurukan biki. Amfaninsa shi ne ana kula da ginin, mai shi yana samun haya. Illarsa ita ce filin da aka tanadar wa aikin yi, da babban layin lantarki da hanyar manyan motoci, ya fita daga hannun masu sana'a, kuma da wuya ya koma.

7.0 Abin da Ya Dace da Kakuri

Bisa ga abin da ya gabata, ana iya jera matakai shida. Na farko, a yi rajistar dukkan kangayen da ke yankin: girman kowane fili, da mai shi, da bashin da ke kansa, da halin gininsa, a kuma bayyana ta ga jama'a. Tun 2017 doka ta wajabta wa ƙananan hukumomin Ingila ajiye irin wannan rajista. Na biyu, a raba makomar fili da makomar kamfani. Kamfanin da ba zai tashi ba a rushe shi a hukumance, a fara biyan ma'aikata da magadansu daga abin da aka samu. Na uku, a gwada ƙasa da ruwa, a sanar da sakamakon da Hausa da Ingilishi a gidajen rediyo, domin masu rijiya a maƙwabta da masu noman rani a bakin magudana su san abin da suke ciki.

Na huɗu, a raba kowane fili bisa sakamakon gwajin. Inda aka yi rini a rufe shi da kankare a yi sito ko a shimfiɗa faranta masu samar da lantarki daga hasken rana. Rumfunan kaɗi da saƙa, masu faɗi da tsayin rufi, a yanka su shago-shago ga teloli da masu takalma da kafintoci da maƙera. Kaduna tana da irin waɗannan masu sana'a da yawa, kamar na kasuwar Panteka, waɗanda babbar matsalarsu ita ce wuri da wuta. Idan ɗaruruwansu suka taru a rumfa ɗaya suka yi tarayya a lantarki da tsaro da ruwa, kuɗin kowa zai ragu. Na biyar, a keɓe wani sashe domin saƙa ta zamani idan an sami mai jari, kuma duk inda za a yi gidaje a rubuta kason tsofaffin ma'aikata da na jama'a a cikin doka, da lafazin da ba zai ba da ƙofar da aka samu a Mumbai ba.

Na shida, a adana tarihin wurin. A bar bututun hayaƙi ɗaya da rumfa ɗaya da 'yan injuna. A tattara littattafan zanen atamfa da takardun ma'aikata a kai Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. A ɗauki muryoyin tsofaffin ma'aikata tun suna raye. Wannan aiki yana da riba biyu: su ne suka san inda aka binne tankuna da inda aka zubar da rini, kuma a bakinsu ne kaɗai sunayen injuna da na sassan aiki da kalmomin da suka ƙirƙira a bakin aiki suka rage.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa kangon masana'anta ya bambanta da kufai da saura, domin barinsa ba ya ƙara masa komai sai lalacewa. An kawo tarihin masaƙun Kakuri daga 1957 zuwa rufewarsu, an bayyana basussuka uku da ke kan filayensu, da matakan gwaji da tsabtacewa. An ga daga Saltaire amfanin gaggawa da yin aiki kashi-kashi, daga Ruhr an ga rawar da hukuma take takawa, daga Mumbai kuma an ga yadda sauya 'yan kalmomi a ƙa'ida ya raba ma'aikata da rabonsu. Jerin aikin shi ne a san mai fili, a biya ma'aikata, a gwada ƙasa, sannan a yi zane. Mutanen da suka shiga masaƙun nan suna samari a shekarun 1970 yanzu sun haura shekara 65, kuma kullum raguwa suke yi. Idan ana son su ga haƙƙinsu da idonsu, su kuma nuna wa masu gwaji inda za su haƙa, to lokacin fara aikin bai wuce yanzu ba.